Ranar da Aka Tsayar da Jirgin Yasa Don Wankan Bi Somoe

Takabar Bi Somoe ta cika cif, wata huɗu da kwana goma, amma tsohuwa ta ce babu inda za ta. Tana nan a ɗakin mijinta marigayi Mzee Lali, taga a rufe, labule a sake, farin zanen takaba a jikinta. Ta ce ita ba ta fita sai ta yi wanka a Gaɓar Mata, inda uwarta ta yi, inda kakarta ta yi.

A garinmu Tewani, da ke bakin teku, haka muke fita takaba. Mata su taru da hantsi, su ɗaga babban mayafi a kan sanduna, su sa mai takaba a ƙarƙashi, maza su kauce daga hanya. A kai ta gaɓa daidai lokacin da teku ta fara janyewa. Ta shiga ruwa har ƙirji, ta nutsa sau uku, ta ƙulla bakin zanen takabar ta sake shi, ruwa ya tafi da shi. Ta fito a ɗaura mata sabon leso, wato zane mai launi, a dawo gida a ci shinkafa da madarar kwakwa. Ba wani abu mai wuya ba ne. Wuyar ita ce, yanzu Gaɓar Mata tana bayan shingen waya.

Surukai ne suka kewaye ta. Ranar da aka kawo su, wani babban mutum daga babban birni ya hau bayan mota ya ce waɗannan baƙi ba 'yan kwangila ba ne, 'yan'uwa ne. Da kuɗinsu za su yashe mana teku, su gina tashar da manyan jirage za su riƙa tsayawa, kuma za su zauna da mu shekara casa'in da tara. Tun daga ranar matan gari suka sa musu suna Surukai, don wanda zai daɗe haka a gidanka, yana cin naka, ba ka da bakin yi masa magana, ai ya wuce baƙo. Suka kawo wani jirgi kamar unguwa guda, mai dogon bututu da yake zuƙo laka da yashi daga ƙasan teku ya amayo su a tudu, wai a kan wannan aman za a gina tashar. Dare da rana yana gurnani, har zakarun gari suka rikice, kowanne ya riƙa cara lokacin da ya ga dama.

Da farko duk wannan bai dami Mishi ba. Mishi ita ce autar Bi Somoe, ita ke zaune da ita, da 'ya'yanta biyar da mijinta Famau. Mace ce da ba ta da lokacin dogon tunani. Da aka hana masunta shiga ruwa, wasu matan suka zauna kuka, ita kuwa ta ɗauki kaskonta ta kafa a bakin get ɗin tashar, tana soya mahamri, irin fankenmu mai kwakwa, tana dafa shayi, ma'aikata suna saye. Famau, wanda a da shi ne gwanin taru a unguwarsu, aka ba shi aikin tsayawa a bakin bututu yana kaɗa jar tuta. Bai san wa yake kaɗa wa ba, amma ana biyansa. Mishi ta ce alhamdu lillahi, tuta ba ta kifewa da mutum.

Yanzu kuwa abin ya zo mata har gida. Ƙafafun uwarta sun kumbura sun yi suntum. Abinci yadda aka shiga da shi haka ake fitowa da shi. In aka ɗan ɗaga labule sai ta rufe ido ta ce haske na sukarta. Abin da ya fi tayar wa Mishi da hankali, ta fara jin tsohuwa tana hira da Mzee Lali, ta yi masa tambaya ta tsaya tana sauraren amsa. Mishi ta taɓa ganin irin wannan a gidan maƙwabta, ta san ƙarshensa. In ba a fitar da uwarta daga ɗakin nan da ƙafarta ba, to a makara za a fitar da ita.

Ta fara da Shehe Kombo, limamin masallacin Juma'a, wanda kuma yake cikin kwamitin dattawan tasha. Ya zo a kan sabon babur ɗinsa, aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ya yi bayani ta bayan labule. Ya ce in kwanaki sun cika takaba ta ƙare, ko da ruwan randa aka yi wanka, zancen teku al'ada ce ba addini ba. Mishi ta ji daɗin maganar, don ita ma abin da ta sani ke nan.

Daga cikin duhu tsohuwa ta ce, "Shehe, da mahaifinka ya rasu, ni na riƙe wa uwarka sandar mayafi ta hannun dama. Ban ji ka hana ba."

Shehe ya ce ai lokacin yana yaro.

"To, yanzu da ka girma ai Surukai sun ba ka babur."

Ya shanye gahawarsa ya yi addu'a ya tafi.

Sai Mishi ta ce in uwa ba za ta je teku ba, teku ta zo wurin uwa. Ta cika wa maigadin get leda da mahamri, ya kau da kai, Famau ya ɗebo jarka biyu. Bi Somoe ta shinshina, ta yarda ruwan teku ne, duk da warin man inji. Amma ta ce in ta yi wanka da shi a nan, ina ruwan zai tafi? Ta wanke mutuwar Lali ta zuba a tsakar gida, jikokinta suna takawa? Mishi ta kawo zancen wata gaɓa da ke can bayan tsibiri. Tsohuwa ta ce wa zai tuƙa kwalekwalen in ba maza ba, kuma ita ba ta san wancan ruwan ba, babu kowa nata a cikinsa.

Da hanyoyi suka ƙare, Mishi ta bar kasko a hannun babbar 'yarta, ta yafa mayafi ta nufi ofishin Bwanaheri. Bwanaheri ɗan yayanta ne, jikan Bi Somoe na farko, yanzu shi ne jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin. Ofishinsa a cikin kwantena yake, sanyi kamar cikin firji, shi kuma ya shaƙe wuyansa da laktaye. Ya miƙe ya gaishe ta da Shangazi, yadda ake kiran gwaggo, ya tambayi jikin kakarsa, sannan ya zauna ya koma kamfani.

Ya ce babu wanda ya kai Surukai girmama al'ada. Tun kafin su zo sun turo masana sun yi bincike a kan wankan takaba, har sun gina wurin yinsa na zamani a bayan kasuwa. Mishi ta san wurin. Wani kwarami ne na siminti da famfo ba ruwa, da allo mai hoton tutoci biyu. Ita ta ɗauka na shayar da jakuna ne, su ma jakunan haka suka ɗauka, don kullum suna tsaye a wurin suna jira. Bwanaheri ya ce za a jona ruwan ranar da babban mutum zai zo yanka ƙyalle. Dama mai takaba ake nema da za ta fara shiga, ga shi Allah Ya kawo ta cikin gida. Za a zo da masu hoto, a nuna wa masu ba da kuɗi a ƙasarsu.

Mishi ta ce, "Kakarka. A kwaramin jakuna. A gaban maza."

Ya ce ana iya ɗaukar hoton ta baya.

"Bwanaheri, ni na yi ta wanke maka kashi har ka iya zama a kan fo. Kada ka sa in tuna da abin da na gani."

Ya sassauta laktaye ya ce ta yi haƙuri, Shangazi, abin ba a hannunsa yake ba. A kashe jirgin nan na awa guda, asarar ta fi ƙarfin Tewani da jakunanta duka. Sai an kai maganar babban birni, daga can ta haye teku zuwa ƙasar Surukai, ta dawo. In an yi sa'a, bayan damina. Ya ba ta kalanda mai hoton yadda tashar za ta zama, da jirage jere da mutane suna dariya. Ta karɓa, takarda mai kauri ce, za ta yi kyau da naɗe mahamri.

Tana hanya tana lissafin damina da ƙafafun uwarta, ta ga ba za su haɗu ba.

To, abin da ofis ya kasa, Famau ne ya yi shi ba da saninsa ba. Wata rana da yamma ya dawo daga aiki ya tsaya wurin kaskon matarsa, kansa naɗe da wani ƙyalle da ya taɓa zama fari. Ya ce bututu ne ya amayo shi, ai yau ƙyallaye suke ta fitowa, kowa ya tsinci nasa, shi ya ɗauraye wannan don maganin rana. Yadi mai kyau kuwa, ko yagewa bai yi ba.

Mwanaidi mai sayar da kwakwa tana zaune a gefe. Ita ce maƙwabciyar Mishi, ta binne miji ɗaya tana kan na biyu, kuma bakinta ya fi rediyo nisa. Ta miƙe a hankali ta kama jelar ƙyallen. Ga ƙulli a bakinsa, ga ɗinkin shuɗin zare a gefe.

Ta ce, "Bwana Famau, zanen takabata ne a kanka."

Famau ya fizge shi ya jefar kamar ya taɓa maciji.

Ashe jirgin ya iso daidai inda ruwa yake kai zannuwan ya binne. Na zamanin kakanni na auduga ne, teku ta cinye su tuni. Amma tun da aka fara saƙa yadi da leda teku ba ta iya cinsa, sai dai ta ajiye. Ga shi yanzu an zo an kwashe ajiyar an watsa a tudu, maza suna takawa, suna goge takalma, suna naɗawa a ka. Mwanaidi ta dafa ƙirji ta ce duk namijin da ya taka zanen takaba, matarsa ta fara neman farin yadi.

Mishi ba ta yarda da wannan ba. Ta san ajali a hannun Allah yake, ba a bakin bututu ba. Kuma ta faɗa, Allah shaida ne ta faɗa. Tana juya mahamri a cikin mai ta ce rai da mutuwa na Allah ne. Sai dai a hankali ta faɗa, sau ɗaya, ga kuma jirgi yana gurnani. Da ta idar da sallar magariba ta daɗe a kan tabarma tana shawara da zuciyarta, ta tsayar da magana ɗaya: ƙarya dai ba za ta yi ba, amma ba ita ce limamiyar gari ba. Don haka duk matar da ta leƙo ta tambaye ta ko gaskiya ne zanen Mwanaidi ne, sai ta ce gaskiya ne. Ko gaskiya ne duk sabuwar ƙasar nan daga Gaɓar Mata aka zuƙo ta, sai ta ce haka Famau ya ce. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Matan Tewani ba su yi zanga-zanga ba, ba su ɗaga kwali ba. Kamfani yana da doka mai ƙarfi, ba mai wuce get sai da takalmin nan mai bakin ƙarfe. Da gari ya waye babu takalmi ko ɗaya a garin. Wani yana cikin tukunyar shinkafa, wani a kan rufi, wani an zura shi rijiya da igiya. Maza suka zo get da silifas, maigadi ya mayar da su bisa doka, shi kansa yana tsaye da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a waje, don ƙafa ɗaya kawai matarsa ta samu ɗaukewa kafin ya farka. Mazan ba su yi wani fushin kirki ba. Suka baje a wurin Mishi suna shan shayi, suna ta cewa mata ba su da hankali, kowa yana satar kallon tafin ƙafarsa. Na Famau ma aka neme su aka rasa. Mishi ta ce ita ba ta camfi, ta dai sa su ƙarƙashin katifar yara ne saboda ɓarayi, kuma ta manta wace katifa.

Surukai sun iya tuƙa injinansu, amma ba su da mai ɗauko musu komai, ba mai jan bututu, ba mai kaɗa tuta. Laka ta taru a wuri ɗaya ta yi tsauni. Ga kuma labari ya zo cewa masu ba da kuɗin suna hanya daga ƙasarsu, za su zo su ga inda aiki ya kai. Shugaban Surukai, wani siririn mutum da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya aika wa Shehe Kombo ya zo ya yi wa mata wa'azi. Shehe ya aiko cewa a shirye yake, sai dai makullin babur ɗinsa ya ɓace, uwargidansa kuma ta ce ba ta gani ba.

Ba a daɗe ba sai ga Bwanaheri a gidan kakarsa, laktaye a wuya, silifas ɗin banɗaki a ƙafa. Ya tarar da tsakar gida cike da mata. Ba wadda ta kalli fuskarsa, duk ƙafar suke kallo. Ya ce kamfani ya turo shi ya ji abin da iyaye mata suke bukata, ko rijiyar burtsatse, ko keken ɗinki, ko a ƙara wa kwaramin nan rufi.

Mwanaidi ta ce ba sa son komai. A dai tattara zannuwan nan kaf, a mayar da su teku ta Gaɓar Mata, lokacin janyewar ruwa. Kuma ba kowa ke mayarwa ba, sai mace mai takaba a jikinta wadda kwanakinta suka cika. Bwanaheri ya tambaya ko akwai irin wannan matar a gari. Mwanaidi ta ɗaga kai sama kamar mai tunani. Daga ɗaki aka ji tari.

Bwanaheri ya juya wurin gwaggonsa. "Shangazi, ke kika ƙulla wannan."

"Ni mahamri nake soyawa. Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka."

Maganar da aka ce sai ta haye teku ta dawo bayan damina, a yini ɗaya aka gama ta. Kamfani ya yarda, amma da nasa sharaɗin. Awa guda, ba ƙari. Duk wadda za ta wuce get sai ta sa hular kwano da riga mai ƙyalli, wadda za ta taɓa ruwa kuma sai da rigar hana nutsewa. Shehe ya ba da fatawa cewa abin ba shi da asali, amma ba shi da laifi, sai ga makullin babur ɗinsa ya fito. Saura tattara zannuwa, nan ma aka tsaya, don babu ɗan Tewani da zai taɓa su. Ƙarshe Surukai da kansu suka sa safar hannu suka bi laka suna tsinta, manyan injiniyoyi, har suka cika buhu.

Ranar, da hantsi, aka fito da Bi Somoe. Mishi ta riƙe ta ta dama, Mwanaidi ta hagu, ƙafafun suna ja da ƙyar. Mayafi a sama a kan sanduna, mata a ƙarƙashi, kowacce da hular kwano a kan ɗankwali, suna tafe suna salati, hulunan suna karo da juna. A bakin get maigadi ya juya baya ya buɗe da lalube. Ciki kuwa maza ne jere, namu da Surukai, duk sun ba teku baya sun fuskanci tsaunin laka, har shugaban, yana kallon agogonsa.

Sai aka kashe jirgin. Shirun da ya sauka ya sa wasu matan suka daina salati don tsoro. Aka ji kukan tsuntsayen teku, aka ji jaki daga can bayan kasuwa.

Da suka iso, Mishi ta tsaya tana dube-dube. Ita kullum a bakin get take, ba ta taɓa shigowa ba tun da aka kewaye wurin. Babu gaɓa. Inda da mace za ta yi ta tafiya a kan farin yashi kafin ruwa ya kai mata gwiwa, yanzu bangon siminti ne, da matakalar ƙarfe da ta gangara cikin wani ruwa mai kalar shayin da ya kwana. Daga matakin ƙarshe sai rami, zurfin da aka ce zai haɗiye hasumiyar masallaci.

Tsohuwa ta buɗe ido kaɗan kaɗan ta duba dama ta duba hagu. "Ina gaɓar?"

"Ita ce wannan, Mama."

"Ina dutsen da muke ajiye takalma?"

"Kina tsaye a kansa. Yana ƙasa."

Bi Somoe ta fara juyawa kamar mai shirin cewa a mayar da ita ɗaki. Mishi ta matso kunnenta. Ta ce ƙasa suka kwashe, ba su kwashe teku ba, ruwan nan shi ne dai na uwarta da kakarta, datti kawai ya yi. Ta nuna mata wata robar lemo da ke yawo a kan ruwan. Suka tsaya suna kallonta. Robar ta juya, ta ɗan yi jinkiri, sannan ta kama hanyar waje.

"Yana janyewa," in ji tsohuwa. "To sauke ni."

Suka sauka matakalar su uku, mata suka kare su da mayafi ta sama. Aka ɗaura wa Bi Somoe rigar hana nutsewa a kan zanen takaba, aka zura ta a ruwa. Nan aka ga aikin rigar. Tsohuwa ta rame ba nauyi, sai ta hau kan ruwa tana lilo kamar busasshiyar kwakwa. Ta ce bismillahi ta dunƙule za ta nutsa, rigar ta ƙi. Mishi ta danna kanta da tafin hannu, ta ɓullo ta gefe. Mwanaidi ta danna ta gefen, ta ɓullo ta baya, hular kwano ta karkace ta rufe mata ido. Daga can sama muryar Bwanaheri ta fito ta lasifika, ya ba su baya yana karanta dokoki, yana cewa kamfani yana tunatar da iyaye mata kada a cire rigar ko da wane dalili.

Mishi ta ɓalle rigar ta rataye a matakala, ta ɗora hular a kai. Ta kwance lesonta na sama ta ɗaura wa uwarta a ƙugu, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta, Mwanaidi ta rungume Mishi ta baya, wata ta rungume Mwanaidi.

Tsohuwa ta nutsa ta ɗago. Ta nutsa ta ɗago. A na uku ba ta ɗago ba. Leso ya yi nauyi ya miƙe, ruwan ya rufe, ba ka ganin ko inuwa a cikinsa. Mishi ta jira abin da za ta iya jira, sannan ta kira sunan Allah ta ja da duk ƙarfin da ke jikinta, har hannunta ya goge a ƙarfe ya fashe. Kan Bi Somoe ya fito, toka-toka da laka, tana tari tana furzar da ruwa.

Da numfashinta ya dawo ta ce, "Me kike fizga ta kamar akuya? Sallama nake yi masa. Na ce ya tafi."

Da hannunta ta ƙulla bakin zanen ta sake shi. Ya buɗe a kan ruwa ya bi bayan robar lemo. Aka miƙo buhun zannuwan ta sa hannu a kai, mata suka zazzage. Waɗanda suka gane nasu suka yi ta nunawa, wata tana dariya wata tana share ido.

Suna hawowa Mwanaidi ta ja Mishi gefe ta nuna mata da haɓa. Ruwan kai tsaye yake kai zannuwan wajen bakin jirgin. Ana tayar da shi zai sake zuƙe su ya watso tudu.

Mishi ta ce, "Na gani."

"To?"

"To Bi Riziki ta shiga takaba makon jiya. Ita ma za ta so get a buɗe."

Aka ɗaura wa Bi Somoe sabon leso ja da ruwan ɗorawa a kan lakar, aka naɗe mayafi, aka ce maza su juyo. Shugaban Surukai ya ɗaga hannu, jirgi ya ɗauki gurnani tun kafin ya sauke hannun. Sannan ya tako zai gaisa da tsohuwa, mai hoto yana biye da shi, Mwanaidi ta shiga tsakani da faɗin bayanta. Bi Somoe ta leƙo ta ƙare wa mutumin kallo, ta ce wa jikanta ya tambaye shi ko yana da mata a ƙasarsu, don wannan ramar ba ta mai aure ba ce. Bwanaheri ya fassara cewa kakarsa tana godiya ga kamfani bisa girmama al'ada.

Ta fita get da ƙafarta, fuska a buɗe, ta ƙi a riƙe ta. Kafin la'asar takalma suka fara fitowa daga tukwane da rijiyoyi.

A gida sai da Mishi ta dafa ruwa tukunya biyu ta wanke mata wankan, laka har cikin kunne. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda rana take, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, aka ajiye mata shinkafa. Ta ci loma ɗaya ta ce an yi rowar kwakwa. Ta ci ta biyu ta tambayi wanda ya matsar mata da turmi, da wanda ya bar yaran nan da ƙumba haka, da dalilin da ya sa Famau yake zaune kamar baƙo bangon banɗaki yana zubewa. Ta ce wata huɗu kawai ta kau da ido gida ya koma kango. Tana faɗa tana ci har kwanon ya yi fes, ta tura shi gaba ba ta kalli kowa ba.

Mishi ta ɗauka ta ƙaro mata.